Ragayar da Inna ta aiko mini Gummi

Shekarun baya, farkon shekarun tamanin, aka tura ni koyarwa wata firamare a Gummi. Na kama hayar shago a ƙofar gidan wani dattijo. Ɗaki ne dai don an kira shi ɗaki. In na shimfiɗa katifa, na jingina keke, na aje akwati da risho, to sallah ma sai na ɗage katifar tukuna. Abokina in ya zo hira, rabinsa ciki ne rabinsa waje.

Ni ne ɗan fari wurin mahaifiyata, kuma Inna cikin Fulani ta tashi, can wani ƙauye bayan Bukkuyum. Kunyar ɗan fari a wurinta ba wasa ba ce. Ba ta faɗin sunana, ba ta zama hira da ni. In na durƙusa gaisuwa, tukunya take kallo ta amsa. Duk maganar da ke tsakaninmu ƙanwata ke ɗauka ta kai ta kawo. Hanya ɗaya Inna ke da ita ta nuna mini ina ranta, ita ce kayan Sallah. Ni kuwa duk girman nan nawa, jiransu nake kamar yaro.

Ƙaramar Sallar farko, motar kasuwa ta sauke mini buhun gero da turmi. Turmi fa, jama'a! Gwauro da turmi. Na tura buhun bayan ƙofa, ƙofar ta daina buɗewa duka, na mayar da turmin kujera. Da babbar Sallah ta matso sai ga rago, wai kada mutanen Gummi su ce malamin nan ba ya da kowa. Na ɗaure shi bakin shago. Kafin ranar layya ya cinye gefen tabarmar mai gida, ya tunkuri wani baƙonsa, ya mayar da ƙofar gida turke.

Dattijon ya kira ni, ya ce, "Malam, ɗaki na ba ka haya, ba garke ba. In an ƙara aiko ma da mai ƙafa huɗu, sai ku nemi wuri kai da shi."

Da na je gida bayan Sallah na ja ƙanwata gefe. Na tsara mata magana mai daɗi, da godiya a gaba da addu'a a baya, a tsakiya kuma na ce ɗakin ne ƙarami. Ita kuwa Allah bai yi ta da kwana-kwana ba. Ta shiga ta ce, "Inna, Yaya ya ce ki bar aika mai da kaya, ba shi da wurin sa su." Ina tsaye a zaure na ji da kunnena.

Shekara ta zagayo, azumi ya ƙare. Ranar jajibiri na fita bakin tasha kamar mai shan iska, motocin Bukkuyum suna zuwa suna saukewa, ba wanda ya ce mini ga saƙo. Wallahi ranar na ji ɗakin ya yi mini faɗi. Na je gida yawon Sallah, na gaida ta, ta amsa yadda ta saba, aka turo mini tuwo. Ba faɗa, ba fushi, ba kuma hanyar da zan zauna in ce mata ba haka nake nufi ba. Tsoro ya kama ni sosai, don in wannan hanyar ta toshe, ba mu da wata.

Ana saura 'yan makonni babbar Sallah, na dawo daga makaranta mai gida ya tare ni. Ya ce, "Ka yi baƙi. Wata dattijuwa da ɗiyarta. Na buɗe masu ɗakin, ɗiyar ta shiga, ita ko tsohuwar ta tsaya bakin ƙofa, ta ƙi ko taka ciki. Ta dubi ƙasa, ta dubi ƙasa, sannan ta ɗaga kai. Ta tambaye ni ko azarar rufin ga na da ƙwari. Na ce ko jaki anka rataya ba ta karyewa. Sai ta ce to madalla, sunka tahi."

Inna ce, ta sha wannan mummunar hanya, ta kuma zaɓi lokacin da ta san ina aji. Na zauna kan turmi ina kallon azara, na rasa abin da ta gani a wurin.

Jajibirin Sallah sai ga ƙanwata da ƙunshi a ka. Ta kwance, ragaya ce, irin wadda mata ke ratayewa a ɗaki su ɗora ƙore, mai hawa uku, Inna ta tufka ta da hannunta da igiyar rama. Ƙanwata ta taka turmin ta ɗaura ta jikin azara. Ta ɗora ƙwaryar dakuwa, ta ɗora ta yajin daddawa, can sama ɗan goran man shanu, kowace da faifanta. Ragayar ko tafin hannu ba ta ci a ƙasa ba.

Ta sauko tana kaɗe hannu, ta ce, "Ta ce a hwaɗa ma mai ɗakin, ƙasa ce ta cika, bisa ba kowa."

Na juya na hau gyaran sarƙar keken da ba abin da ya same ta, don kada yarinyar nan ta ga idona ta kai rahoto.

Da na je gida, bayan gaisuwa, na dubi ƙanwata na ce da ƙarfi, "Ragaya ta zauna daidai, kamar don ɗakin aka yi ta." Inna tana tuƙin tuwo, ba ta waiwayo ba. Can sai ta ce wa ƙanwata, "Tambaye shi ko da sauran azara."

Na ce a gaya mata akwai, da yawa. Kafin in bar Gummi sai da na riƙa tafiya a duƙe cikin ɗakin nan, goshina ya sha karo da ƙore, ban kuma taɓa yin ƙorafi ba.

Yanzu in abokaina suna tambayar me za su kai wa ɗansu da ke zaune ɗaki ɗaya a birni, nakan ce su fara zuwa su ga ɗakin. Ni dai na shaida, uwar da ta yi niyyar ba ɗanta abu, sai ta samo inda za ta sa shi. Inna ta daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙanta. Har yau in na tuna tana tsaye bakin ƙofar nan ta ɗaga kai, daɗi nake ji ya cika mini ƙirji, sai in ɗaga hannu in yi mata addu'a.