Akwatin da Babu Babur a Cikinsa

Ni mutumin Kiru ne. A da malamin lissafi ne ni a wata sakandare, da damina kuma ina taɓa noman masara.

Wani abokin karatuna, Sagir, ya ƙirƙiro wasan ƙwallo na waya. A cikin wasan akwai akwatin sa'a: ka tura kuɗi ka buɗe, ko ka samu gwanin ɗan wasa, ko ka tashi da tarkace. Ya ce in lissafa masa sau nawa ya kamata a riƙa ci, yadda jama'a za su ji daɗi, shi ma riba ta fito. Na yi. Da farko rabon cin da muka rubuta a fuskar waya gaskiya ne.

Daga baya na lura mutum ya fi zuba kuɗi idan ya ga kamar saura ƙiris ya ci. Sai na rage rabon ci, ban taɓa rubutun ba. Wanda ya kwana biyu bai buɗe ba, in sakar masa 'yar kyauta ya dawo. Sannan muka yi shelar akwai babur a cikin wani akwati. Sagir ya ce, "Idan wani ya ci fa?" Na ce, "Ba mai ci. Na toshe hanyar."

A kwamfuta ba na ganin mutane, lambobi nake gani suna hawa.

Da ƙorafi ya yi yawa aka kama mu, aka bincika kwamfutar. A kotu a Tudun Wada na fara ganin ɗaya daga cikin waɗanda muka cuta, wani saurayi makiyayi daga Falgore. Ya sayar da karsanar mahaifinsa a ɓoye yana neman babur ɗin. Mahaifin, wani dattijo, shi ma yana kotun. Ya dube ni ya ce, "Malam, gaya mini, da ya ƙara sayar da wata, da ya samu?" Na ce, "A'a, Baba." Ya gyaɗa kai ya zauna.

Ina gidan yari mahaifiyata ta rasu. Da na fito na tuba ga Allah, na hau babur har Falgore neman gafarar dattijon da ɗansa. Aka ce sun tashi, ba a san inda suka nufa ba.

Ku matasa, kada ku biya kuɗi don buɗe akwatin da wani ya tsara abin da ke cikinsa. Wanda kuma Allah ya ba kan lissafi, ya riƙa tambayar kansa aljihun wa yake aunawa. Ni ban tambaya ba sai a gaban alƙali.