Zumar Zailani

A garinmu Babban Mutum in ka ce zuma, sai a ce Zailani. Tare aka yi mana kaciya, tare muka koyi saƙa amya a wajen marigayi Ɗantsoho, katanga ce kawai ta raba gidajenmu. Amma zumarsa har daga Daura ake zuwa saye, ni kuwa amya ɗaya tal ta rage mini a kan gawon bayan gida. Ina jin haushinsa, kuma ban taɓa ɓoyewa ba.

Mutumin ba shi da wata dabara sai naci. Da bazara, in rana ta take, za ka gan shi gindin tsamiyarsa ya karkata kai yana saurare. Wai ƙudansa sun jeru a bakin amya suna fifita da fukafukai, wasu na ɗebo ruwa suna shafa wa saƙa don kada ta narke 'ya'ya su mutu. In hadari ya haɗo ya ƙi zuba, gari ya ɗau gumi, sai su fito waje su yi cincirindo su bar wa iska hanya. Yana ba da labarin kamar 'ya'yansa ne suka yi sauka.

Bazarar da ta biyo bayan ƙaddamar da Shari'a, rijiyoyin unguwarmu suka ƙafe, kurkunu kuma ya kwantar da Zailani. Na je dubiya, amma a raina cewa na yi bana tawa ce. Kullum da sassafe nake ɗauko ruwa daga bayan gari, in cika kasko, in jefa karare don kada ƙuda su nutse. Suka riƙa zuwa tuli. Har a majalisa na yi cika baki.

Da ruwa ya sauka na hau gawo, na ji amyar sakayau. Saƙa ta narke ta yi baƙi, sai tururuwa. Rassan gawon da na sare wa awaki da rani su ne inuwar amyar, ashe tuni ƙudana suka gudu.

Ana nan sai ga Zailani yana ɗingishi, da ƙwaryar zuma a hannu.

"Hussaini, ina kwance ina kallonsu suna tsallake katanga zuwa kaskonka. Ba don kai ba, da bana ba ni da ƙuda ko ɗaya. Allah ya saka da alheri."

Na ce amin, na karɓa. Matata Hadijatu ta lasa, ta ce ba ta taɓa shan zuma mai daɗinta ba, ta miƙo mini. Na ce haƙori ke damuna.