Kamfanin da Ya Yi Ginin Ƙasa a Yamai

Matamaye

Muna idar da sallar asuba muka bar Matamaye, ni da 'yata Nafisa. Wani kamfani mai haɗa manhajojin waya ne ya ɗauke ta aiki a Yamai, ni kuma na kafe sai na ga wurin da idona. In bai yi mini ba, tare za mu dawo. Ta sani, uwarta ma ta sani.

Hanya

A Takeita muka shiga babbar mota. Watan bazara ne, kujera kanta zafi take. Bayan Maraɗi jandarma ya karɓi katunanmu, ya dube ni ya dube ta.

"Alhaji, makaranta za ka kai ta?"

"Aiki, in Allah ya yarda," Nafisa ta riga ni amsawa. Na yi gyaran murya kawai.

A Ƙonni muka ci shinkafa da wake, man da ke ciki kamar an ɗiga shi da allura. Gidan ƙanena muka kwana a Yamai.

Kamfanin

Da hantsi ɗan tasi ya sauke mu a ƙofar kamfanin. Ginin jar ƙasa ne zalla, ba fenti, ba gilashi. A garinmu mutum in ya samu, abin da yake fara yi shi ne ya rushe ƙasa ya ɗora bulo.

"Nafisa, waɗanda siminti ya gagara ne za su riƙe mini ke?"

Wata mai kula da sababbin ma'aikata, Hajiya Mariyama, ta ji ni sarai, ta yi murmushi ta zaga da mu. Katangar ta kai kamu biyu kauri. Can sama an bar kafofi, iska mai zafi na fita ta nan. Farantan hasken rana su ne rumfar babura, su ne wutar gidan duka. Ruwan sama na gangarawa rijiyar da aka gina ƙarƙashin tsakar gida, na alwala kuma ya bi kwata ya shayar da zogale.

"Da gangan muka zaɓi ƙasa, Alhaji," in ji ta.

Raina dai bai sauko ba. Ta zaunar da ni kan dakali a zaure, suka shiga ciki. Rana tsaka ce, amma sanyi na tasowa daga bango irin na gindin randa. Na ce bari in ɗan jingina.

Kiran la'asar ne ya tashe ni. Abin kunya, ni da na zo bincike! An sa mini matashi, samari masu wucewa sun riƙe takalmansu a hannu don kada su tashe ni. Nafisa na zaune gefena, jakarta a cinya, idonta ya yi ja.

"Baba, mu tafi?"

"Kai jakar nan ciki," na ce.

Komawa

Ni kaɗai na hau mota. Har Dogon Dutsi ina ta kewar Nafisa. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da ni lafiya, na gode wa ƙanena da Hajiya Mariyama.

Da na shiga gida uwarta ta leƙa bayana.

"Wurin ya yi?"

"Na ƙasa ne."

"Kuma ka baro ta?"

"Na baro ta."

Ta ce alhamdulillahi, ta shige ɗakin Nafisa ta ja labule.