Jan Layin Hambali

Hambali yana buga wa ɗalibai takardu a wani ɗan shago a Setapak, wata unguwa a nan ƙasar waje da muke zaune, jikin mamak ɗin, wato gidan abincin da muke shan shayi. Mutum ne mai kafiya, in ya sa abu a gaba sai dai ka gaji ka ƙyale shi. Ni maƙwabcinsa ne, kuma na gaji tun tuni.

Abin da ya sa a gaba jan layi ne. Duk kalmar Hausa da aka rubuta a kwamfutarsa sai ta ja mata layi a ƙasa, wai kuskure ce. Da can bai damu ba, sai ranar da 'yarsa Walida, haihuwar nan garin, ta rubuta "sannu Baba", ta ga ja, ta goge.

"Wrong ne lah, Baba," in ji ta, da irin maganar 'yan garin. "Computer ta faɗa."

Yarinyar da ma in an yi mata Hausa, da Turanci take amsawa. Tsoro ya kama shi kada ɗan abin da ya rage a bakinta ya tafi.

Daga ranar ya dage. Ya rubuta kalma, ya danna mata, ya ƙara ta cikin ƙamusun na'urar. Tuwo, daddawa, Fagge, har zagin da kakarsa ke yi wa awaki. Da ya buɗe manhajar aika saƙo ya tarar ita ko sannu ba ta sani ba, don kowace da inda take ajiye nata, sai ya sake daga farko. Shekaru yana abu ɗaya. Muna yi masa tsiya cewa ya buɗe wa kwamfuta makarantar yaƙi da jahilci, ko murmushi ba ya yi.

Bara kwamfutar ta mutu. Hankalinsa kwance ya kai ta gyara, tunda duk takardunsa suna cikin filashi, shi a zatonsa kalmomin a jikinsu suke. Ashe ƙamusun yana wani ɓoyayyen lungu daban. Mai gyara ya share komai ya zuba sabo. Da Hambali ya buɗe takarda ta farko, ja ne tun daga sama har ƙasa.

Ina zaune Walida ta shigo daga makaranta, ta zama 'yar budurwa. Ta leƙa, ta ga fuskar ubanta, ta tausaya.

"Baba, ai ana iya kashe jan layin. Boleh," in ji ta da yaren garin, wato yana yiwuwa.

Dannawa ɗaya ta yi, jan ya ɓace kaf. Ya daɗe yana kallon farin shafin, sannan ya tashi ya ba ta kujera.

"To, rubuta mini wani abu, uwata. Babu mai ce miki kuskure yanzu."

Ta ɗora yatsu a kan maɓallan, ba ta danna ko ɗaya ba. Wallahi ni da nake masa tsiya sai da na matso ina leƙen shafin. Can ta juyo.

"Baba, sannu ɗin, how do you spell it?"