Ɗakin Mai Tufkar Igiya

A shekarun da nake ɗinki a kasuwar Gwiwa, rumfata ce ta ƙarshe daga gabas, kusa da masu tukwane. Rumfar kara ce, ba ƙyaure ba makulli. Da yamma sai in kwance kan keken ɗinkin in kai gida, in bar ƙafafunsa a can, don ban taɓa jin ɓarawon da ya saci ƙafar keke ba.

Bayan babban farin nan da ya kashe shanu ya kori mutane daga arewa, wata safiya na zo na tarar da wani tsoho zaune a ciki, ya share rumfar tas har ya yayyafa ruwa. Kayansa duka tabarma ce da buta da wani ƙunshi da yake matashi da shi. Ya ce daga hayin iyaka yake, ya biyo ta Babura a ƙasa. Ni mutum ne mai saurin hawa, na buɗe baki zan tambaye shi wa ya ba shi izini, sai na dubi furfurarsa na haɗiye maganar. Na ce ya zauna zuwa ranar kasuwa. Ranar kasuwa ta zo ta wuce, wata ma ta zo, ni ban sake tada zancen ba, shi ma bai tada ba.

A hankali na san labarinsa, guntu-guntu. Mai gida ne a garinsu, da gandu da rumbuna. Fari ya cinye gona da dabbobi, matarsa ta rasu a hanya, 'ya'yansa maza sun yi kudu cin rani kuma babu wanda ya sake jin ɗuriyarsu. Ba ya roƙo. Rama yake samu ya tufka igiya, ran kasuwa ya sayar wa masu awaki. Idan matata ta aiko mini da abinci na ce bismillah, sai ya ce ya ƙoshi, alhali ina jin kukan cikinsa daga inda nake taka keke. Sai na yi kamar zan zubar da ragowar kafin ya yarda ya karɓa.

Daminar farko a rumfar ya yi ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa na san tawa ta ko'ina take yoyo. Ya fita daga daminar nan da tari mai nauyi wanda ya ƙi sakinsa har rani. Da bazara ta kawo kai, zafi ya tsananta, aka fara hango gizagizai, sai hankalina ya tashi. Na tabbata a raina idan tsohon nan ya sake yin damina a rumfata, gawarsa zan zo in tarar wata safiya.

Na kai maganar majalisar ƙofar masallaci bayan la'asar, ranar da ba ya nan. Ban sha wahala ba, don mutanen garinmu ba su da rowa a irin wannan. Mai gari ya ba da fili a jikin gidan liman, domin tsohon ya kasance kusa da mutane, abinci ya riƙa isa gare shi, idan ya kwanta ciwo a sani. Sarkin magina ya ɗauki nauyin tubali. Wani mai jakuna ya ce ruwa da ƙasa nasa ne. Surukina na Roni ya aiko da azara. Lokacin kuɗin mai sun fara zubowa, ma'aikata sun sami ƙarin albashi, kowa sai ya sayi babur da rediyo. Wani ɗan garinmu da ke aiki a ofis a Kazaure ya ji labari, ya aiko da bandir ɗin kwano sabo fil, yana ƙyalli. A lokacin gidajen da ke da rufin kwano a garin ba su da yawa, har wasu suka riƙa zolaya cewa su ma za su koma kwana a kasuwa.

Abu ɗaya muka yi ittifaƙi a kansa: kada tsohon ya sani sai an gama. Mun san halinsa, mun ce idan ya ji zai ji nauyi, ya hana. Muna ganin wannan ita ce kara mafi girma da za mu yi masa.

Ana cikin ginin ya biyo ta wurin da igiyoyinsa a kafaɗa. Ya yi mana sannu da aiki, ya tambaya na wane ne. Aka ce na wani bawan Allah ne. Ya ajiye igiyoyin ya naɗe hannun riga, ya ɗauki tulu zai zuba ruwa a kwaɓi. Muka yi caa a kansa, wannan ya karɓe tulun, wancan ya ce Baba je ka inuwa ka huta, aikin nan ba naka ba ne. Ya dube mu, ya ɗauki kayansa ya tafi. Mu kuma muka bi shi da murmushi, muna ganin mun iya ɓoye sirri.

Aka gama, aka ɗora kwano, mata suka zo suka yi daɓe da waƙoƙinsu. Ranar Juma'a bayan an sauko, liman ya kama hannunsa, jama'a na biye, ya kai shi ƙofar ɗakin ya ce nasa ne, mutanen gari suka gina masa don Allah. Tsohon ya shiga ya duba, ya shafa bango, ya fito ya yi mana addu'a doguwa har wasu suka yi ƙwalla. Na koma gida ranar ina jin kaina wani babba.

Washegari na je kasuwa na tarar da tabarmarsa a rumfata, ya share wurin ya yayyafa ruwa kamar kullum.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Rannan da kashegari na wuni ina taka keke kamar zan karya shi. Gari kuwa ya ɗauka. Wasu suka ce girman kai ne, talaka da faɗin rai. Mai jakuna ya ce da ya sani da jakunansa sun huta. Matata ce kaɗai ta ce ruwa ba ya tsami banza, in tambaye shi mana maimakon in riƙa huce wa yara a gida. Da na ga hadari ya haɗu a gabas ya watse ba a yi ruwa ba, sai na kasa daurewa. Na ce masa, Baba, me muka yi maka? Ɗakin ne bai yi ba, ko mu ne ba mu isa mu yi maka abu ba?

Bai ɗago daga tufkarsa ba. Ya ce, "Ɗana, wa ya sha furata a wurin ginin nan?"

Na ce babu, ai don Allah aka yi.

Ya ce a garinsu ya kira gayya ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, ta noma da ta gini. Shi yake bi gida-gida ya gaya wa mutane, shi yake dama fura ya raba goro, idan wani ya kira tasa shi ma ya je da fartanya. "Ɗakin da ban kira maginansa ba, ban ciyar da su ba, hannuna bai taɓa ƙasarsa ba, masauki ne. Na gode da masauki. Amma in baƙunta ce, gara in yi ta a nan inda nake biya da shara."

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne duk mun san wannan. A cikinmu babu wanda zai yarda a gina masa ko akurki bai fito da ko kunu ba. Ɗokin alherin ne ya rufe mana ido, muka manta cewa mutumin da muke wa ginin shi ma ya taɓa zama mai gida, kuma a ransa bai daina zama ba.

Na je na gaya wa sarkin magina. Dattijo ne mai barkwanci, ya saurare ni yana sosa gemu. Ya ce ai aikin bai ma ƙare ba, ɗaki ne tsirara a fili, ba katanga ba makewayi, bayansa kuma ba a yi masa yaɓen makuba ba. In tsohon yana son gayya, ga ta nan tana jiransa. Amma ya ja mini kunne: kada wanda ya kai masa ko ƙwayar gero, in ba haka ba mun sake ɓata rawarmu da tsalle.

Wannan shi ne ya fi mini wuya a duk lamarin. Na kai wa tsohon maganar ya amince, amma ya ce sai ya haɗa abin da zai ciyar. Kullum hadari na ƙara duhu, tarinsa na ƙaruwa, shi kuwa yana zaune yana tufka a natse kamar damina ta yi masa alkawarin jira. Sau nawa ina cewa bari in sa matata ta aika masa da gero a ɓoye, in tuna in fasa. Da ya ga igiya ba za ta kai shi ba, sai ya kwance ƙunshin nan da yake matashi da shi. Babbar riga ce saƙi, mai aiki a wuya, irin ta masu gida. Na ce zan saya. Ya yi dariya ya ce ya san irin cinikin da zan yi masa, ya hau motar 'yan kasuwa ya kai ta Babura ya sayar wa wanda bai san shi ba.

Da kansa ya bi gari yana sallama, gida-gida, har gidan mai jakuna da ya yi ta surutu a kansa. Ya kai wa matata gero ta daka ta dama, ya biya ta da igiyar guga, ta karɓa ba musu don na riga na gargaɗe ta. Daga baya, da aka gina wa sauran waɗanda farin ya koro nasu ɗakunan, a wannan hanyar aka bi: gari ya tara kaya, mai ɗaki ya kira aiki.

Ranar gayyar mutane suka fito fiye da na farko. Tsohon yana tsakiyar kwaɓi, ƙafafu duk laka, yana nuna inda yake son ƙofa, yana musu da magina a kan tsayin katanga. Da rana ta take aka kawo fura. Gaskiya ba ta da kauri, geron bai kai yawan mutanen ba, an cika ta da ruwa. Kowa ya karɓi ludayi yana sha yana yabawa a ladabce, irin yabon da ake yi wa abin tausayi, ni kuma ina ganin fuskar tsohon tana canzawa. Sai sarkin magina ya kurɓa, ya yamutsa fuska ya ɗaga murya.

"Mai gayya, wannan fura ce ko ruwan alwala? Haka ake ciyar da magina a garinku?"

Tsohon kuwa sai ya miƙe, ya nuna katangar da ludayi, ya ce wanda ya yi gini a karkace irin wannan ai ko ruwan ma ya yi masa yawa. Wuri ya kaure da dariya. Tun zuwansa garin ban taɓa jin muryarsa ta tashi haka ba, kuma ban taɓa ganin wani ya tsokane shi ba sai ranar. Na juya baya na yi kamar ina gyara tubali, don idona ya cika.

Ana yaɓen ƙarshe iska ta taso da ƙanshin ƙasa. Kafin mu tattara kaya ruwa ya sauko da ƙarfi, kwanon nan ya ɗauki ƙara har ba a jin magana. Muka tsaya cirko-cirko, kowa na neman inda zai fake. Tsohon ya tura ƙyauren, ya tsaya a bakin ƙofa, ya matsa gefe guda.

"Bismillah, ku shigo daga ciki," in ji shi. "Kada a ce kun jiƙe a ƙofar gidana."