Motar da Ta Huta a Sito

Shekarar da maigidana ya kama gonar riɗi ta kansa a Gedambaliya, bayan ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kula da gonakin mutane, ya rantse ya daina roƙon mota. Riɗi ba ya jiran kowa. In ya nuna ba a yanka ba, sai ya buɗe baki ya zube ƙasa, kai kuma ka yi wa tsuntsaye barka. Dole a sami boksi, a-kori-kurar da za ta kwashi masu yanka daga Gadarif.

Dillali ya nuna masa biyu. Ɗaya yarinya ce a shekaru, amma ta sha hanyar Gallabat har addad ɗinta, agogon nan mai ƙirga tafiya, ya gaji. Ɗayar ta girmi 'yarmu ta fari. Ta wani attajirin hatsi ce da ya rasu, magada suka kulle ta a siton dawa suna ta shari'ar gado. Ita kam addad ɗinta kamar jiya aka sauko da ita daga jirgi.

Ya dawo gida baki har kunne.

"Wallahi ya Hajja, ba ta yi tafiya ba. Hutu kawai ta sha."

Na ce kakata ma ba ta taɓa barin unguwa ba, amma ban ga wanda ya ɗora mata buhu ba. Ya ce mata ba su san ƙarfe ba. Gaskiyarsa, ban sani ba, tsokana ce kawai irin tawa. Ya sayi tsohuwar, maƙwabcinmu ya ɗauki yarinyar. Duk baƙon da ya zo, kafin a ba shi shayi sai an kai shi ya gaida addad.

Abin da addad bai ƙirga ba shi ne ɓerayen sito. Sun yi zamansu cikin motar, sun yi aure, sun ga jikoki, in dawa ta gundure su sai su taɓa waya. Robobin kuwa sun bushe kamar tsohuwar ganda. A cikin gari ta yi ta lallaɓawa, baiwar Allah, ta rufa wa kanta asiri.

Ranar da riɗi ya nuna, aka loda mata ƙarti da laujensu. Suna fita gari ta yi tari, ta yi hayaƙi, ta koma hutun da ta saba. Makaniki ya gyara nan, can ya ɓalle. Lokacin yanka ne, ko motar ɗaukar gawa tana da aiki. Masu yankan suka ga rana na yi, suka haye motar wani mai gona, kuma ban ga laifinsu ba.

Da ya isa gonar bayan kwanaki, riɗin na ƙasa. Ya shigo gida ya zauna bakin ƙofa, takalminsa duk baƙar laka. Ina da magana a bakina, mai daɗi ma, na haɗiye ta. Tausayinsa ya kama ni har na kasa kallonsa.

Da damina ta zagayo ya koma kula da gonar wani. Maƙwabcin nan ne ke rage masa hanya kowace safiya, a bayan yarinyar da ya raina. Tamu tana nan a tsakar gida, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, kuma har yau addad ɗinta abin nuna wa baƙi ne.