Jitar da Aka Tsufar da Gangan

A shagon kayan sauti, wani dattijo yana zaune kan benci da jitar lantarki a cinyarsa. Rigarsa wankakkiya ce tas, sai dai wuyanta ya sha ɗinki. Ba saye ya kawo shi ba. Wata murya ya zo nema, wadda ya daɗe bai ji ba.

Jitar sabuwa ce, amma ƙirar da aka yi mata, har an kankare fentinta da gangan don ta yi kama da wadda ta sha hannu. Yana ƙwanƙwasa katakon, yana jinjina nauyinta, yana murɗa maɓallan. Aiki ya yi kyau, babu inda ke girgiɗi.

"Baba, kamar ta zamaninku ko?" in ji mai shagon.

"Katako dai na ƙwarai ne, ɗana. Amma wanda ya kankare nan bai taɓa rungumar jita ba. Ta ƙanena a nan ta cinye, inda damtsensa ke guga shekara talatin."

Leɓensa na motsi a hankali, irin yadda ake yi wa mamaci addu'a. Wataƙila waccan jitar ta salwanta ne a wani tashin gida, Allah kaɗai ya sani.

Mai shagon ya jona wa jitar waya. Dattijon ya taɓa tsirkiya ɗaya da babban yatsa. Sauti ya fito da kauri, da ɗumi, ya daɗe yana yawo a shagon kafin ya lafa. Idonsa a rufe har ƙarshe.

"Ita ce," ya ce. "Cire wayar, ɗana. Ni ban iya kaɗawa ba. Ƙanena ke kaɗawa, ni ina zaune ina ji."